Ruwan da Tasharmu Ta Ƙi Ƙirgawa

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da dawowa gida Talata Mafara da takardar digirina ba, na karɓi koyarwa ta wucin gadi a wata makarantar jeka-ka-dawo da ke wani ƙauye ta wajen Maradun. Lantarki na karanta. Mahaifina, wanda duk rayuwarsa a kasuwar shanu ya yi ta, ya kasa gane yadda mutum zai yi shekaru yana karatun wuta sannan ya ƙare da alli a hannu. Bai hana ni ba dai. Abin da ya ce kawai shi ne, "In ka tahi, ka riƙa yin magana ɗaya. Ba a sai da sa da wataƙila." Ya san ɗansa. Ni mutum ne da ko sunana aka tambaya sai na ɗan yi jim kafin in amsa. Ba a yi nisa da fara zangon karatu ba yara suka laƙaba mini Malam Wataƙila, kuma ba zan ce sun zalunce ni ba.

Wani abokina da muka yi jami'a tare yana koyarwa a wata makaranta a Bakura. Shi ya zo da shawarar. Wani da muka yi karatu da shi ya aiko masa da ƴan kayan lantarki a kwali, sai ya ce mu raba biyu, kowa ya haɗa tashar auna yanayi da ɗalibansa, in damina ta faɗi mu riƙa gwada ruwan da aka yi a can da wanda aka yi a nan. Na ce masa wataƙila yaran ba za su gane ba, wataƙila kayan su ƙone, wataƙila shugaban makaranta ya ƙi. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "To, ga rabonka," ya tura mini kwalin.

Shugaban makarantar bai ƙi ba. Ya ba mu aji na ƙarshe, wanda tagarsa ke kallon fili, ya ce mu riƙa zama bayan darasin ƙarshe kafin a tashi.

Ban taɓa jin daɗin wani aiki kamar na watannin nan ba. Kwamfuta ɗaya gare mu, tawa, mai batirin da ke mutuwa ba sallama. Don haka a allo muke rubuta umarnin da za a ba na'ura, abin da ake ce wa kodin, mu yi gardama a kansa layi-layi, sannan mutum ɗaya ya kwafe a kwamfuta a tura cikin ɗan allon lantarkin da yaran suka raɗa wa suna ƙwaƙwalwa. Ranar da ɗan ƙwan fitila ya fara ƙiftawa bisa umarnin da suka rubuta da hannunsu, wani yaro ya tashi ya zagaya ajin a guje ya dawo ya zauna kamar ba shi ba. Ranar da muka haɗa abin auna zafi, kowa sai da ya dunƙule shi a tafin hannu don ya ga lamba tana hawa a ɗan gilashin da ke nuna awon. Suka kai shi bakin randa, lamba ta sauka. Suka tura shi cikin hular wani, aka yi ta dariya ana cewa kansa ya fi tukunya zafi. Ni kaina a motar komawa gida sai in tsinci kaina ina murmushi ni kaɗai, har wata rana direba ya tambaye ni ko an sa mini rana ne.

Mutum biyu suka fi fice a cikinsu. Akwai wani yaro da yayansa ke gyaran waya a kasuwa, hannunsa bai rawa in ya riƙe ƙarfen narka dalma, kuma bakinsa bai hutawa. Duk wata waya da ke cikin tashar shi ya liƙa ta. Sai wata yarinya mai zama a bencin baya, wadda na yi makonni ban san muryarta ba. Ita ba ta rububin taɓa kaya. Allo take kallo, bakinta na motsi a hankali kamar mai tilawa.

Ma'aunin ruwan sama shi ne abin alfaharinmu, domin shi kaɗai ne ba a aiko mana ba. Tsohon bokitin fenti muka samu, muka huda gindinsa, muka dasa mazurari a bakinsa. A ƙarƙashin mazurarin muka yi wani abu kamar sikelin mahauta: ƴan kofuna biyu a kan sanda ɗaya. In ɗaya ya cika sai ya rinjaya ya zubar, ɗayan ya taso ya tari ruwan. Duk rinjaya ɗaya, ɗan maganaɗisun da muka manna yakan gilma ta gaban wani makunni, ƙwaƙwalwa ta ƙirga ɗaya. Muka ɗora bokitin a kan bulo a fili, muka ja doguwar waya ta taga zuwa cikin aji, inda ƙwaƙwalwa da batir suke zaune a akwatin katako.

Da muka gwada da ruwan buta sai matsala ta fito. Kofi ya rinjaya sau ɗaya, gilashi ya nuna uku, wani lokacin huɗu. Na tsaya ina lissafa musu abubuwan da wataƙila su ne sanadi. Sai na ji murya daga bencin baya.

"Malam, in mahauci ya aza nama bisa sikeli, ai ba ya tsayawa nan take. Sai ya yi rawa tukuna."

Na ce haka ne.

"To shi ma rawa yake. Mu ce mata in ta ƙirga ɗaya, ta ɗan dakata har ya natsu, kada ta ƙirga rawar."

Na miƙa mata allin. Ta rubuta layi uku a allo. Muka tura, muka zuba ruwa. Kofi ya rinjaya, gilashi ya ce ɗaya. Ya sake, ya ce biyu. Ni na san wannan dabarar, an koya mana a jami'a, amma ban faɗa mata ba, ita ta gano abinta. Tun daga ranar kodin ɗin tashar ya koma hannunta. Ta sake tsara shi gaba ɗaya yadda ta ga ya fi, har ya zama ya bambanta da na Bakura. Mai dalma ya ce ba komai, shi dai ya san in ba wayoyinsa ba da a allo kodin ɗin zai kwana.

Yanzu bari in faɗi wani hali nawa na lokacin. Ƙwaƙwalwa ɗaya ce tal gare mu, in ta ƙone shi ke nan. Saboda haka kullum kafin a tashi sai na tsaya a bakin taga na ɗaga murya na ce, "Don Allah, kada ruwa ya taɓa kayan nan. Ko ɗigo. Ruwa da lantarki ba sa haɗuwa." Na faɗa da safe, na faɗa da rana. Har ta kai in na buɗe baki yaran ke ƙarasa mini.

Ba su kaɗai ke ji ba. Akwai wata dattijuwa da gidanta ke jingine da katangar makarantar, kowa Inna yake ce mata. Sana'arta turara shinkafa, irin wadda ake nomawa da rani a bakin ruwan Bakolori. In an tashi daga makaranta sai ta shimfiɗa shanyarta a dandamalin simintin da ake taron safe, don babu wurin da ya fi shi tsabta da rana a duk unguwar. Takan zo da wuri ta zauna a inuwar bangon ajinmu tana jira mu watse. In na fito sai mun gaisa gaisuwa mai tsawo: ina wuni, ina gajiya, ya yara, ya mutanen Mafara, ya mahaifa, ya hanya. A ƙarshe takan ƙara da, "Ya kayan wuta? Suna lahiya?" In ce lafiya lau, Inna. Ta ce, "Madalla. Allah shi tsare su." Daga nan in yi sauri in kama mota, domin hanyar nan ba a son yamma ta riski mutum a kanta.

Ruwan farko da la'asar ya sauka, ina gida Mafara. Ina tsaye a zaure ina kallon yadda yake dukan ƙasa, ƙanshin nan yana tashi, zuciyata kuwa tana can wajen bokitin fenti. Kafin magariba abokina ya turo mini hoton gilashin tasharsu da lamba mai kauri a jiki, da hoton yaransa sun yi cincirindo suna washe baki. Na kira wani malami da ke zaune a ƙauyenmu, ya ce ai su ma sun sha ruwa, har kwata ta cika ta tumbatsa. Washegari ni na fara shiga mota a tasha.

Na tarar yaran sun riga ni, sun taru a ƙofar ajin. Na buɗe, muka ruga wajen akwatin.

Gilashi ya ce biyu.

Mai dalma ne ya fara magana. "Biyu? Ruwan da ya kada katangar gidan kawuna?"

Muka ɗauko buta muka zuba a mazurari. Ya ƙirga daidai, ɗaya bayan ɗaya, ba kuskure. Na ce wataƙila batir ne ya yi sanyi da hadari ya rufe farantin solar da ke ba shi caji. Na auna, batir lafiya lau. Na ce wataƙila tsawa ce ta rikita ƙwaƙwalwa. Na ce wataƙila wata waya ce ke saki in ta ji danshi. Mai dalma ya ce a bar wayoyinsa, ya rantse ko babur aka ɗaure da su za su ja.

Aka sake yin ruwa bayan ƴan kwanaki, shi ma bayan an tashi. Bakura suka turo lambarsu. Tamu ta ce ɗaya. Aka sake yi, ta ce uku. Yaran Bakura suka fara aiko da saƙon tsiya ta wayar malaminsu, wai ko mu aiko musu da bokitinmu su koya masa ƙirga, wai ko a ƙauyenmu da cokali ake rabon ruwan sama.

A nan ne mai dalma ya kawo hujjar da na kasa karyawa. Ya tsaya gaban aji ya ce, "Malam, kayanmu da na Bakura kwali guda sunka hito. Bokitinsu irin namu ne. Mi ya bambanta mu da su? Kodin. Ita ta ce ma na'ura ta dakata. To ta dakata. Ruwan buta a hankali yake zuwa, shi ya sa take ƙirga shi. Ruwan Allah kuwa ba ya jiran kowa. Ta sa ma na'ura barci, ruwa na zuba tana minshari." Aka yi dariya. Wasu suka ce a goge nata a sa na Bakura kowa ya huta.

Na ɗauki kodin ɗin na tafi da shi gida, na bi shi layi-layi, na sake bi. Dakatawar da ta sa ba ta kai ƙiftawar ido ba, ko ruwan da ya fi kowane ƙarfi ba zai cika kofi cikin wannan lokacin ba. Ban ga kuskure ko ɗaya ba. Amma ni ne, sai na ce a raina wataƙila akwai abin da idona bai gani ba. Da abokina ya ce zai shigo ranar Asabar da kwamfutarsa mu ɗora nasu mu gani, sai na ce to.

Da na sanar a aji, yarinyar ta jira sai da aka fara watsewa. Ta tsaya nesa kaɗan da teburina, ita da ƙawarta.

"Malam, in anka goge, ni na gama zuwa. Ba hushi na yi ba. In abin da na rubuta shi ya ɓata muna aiki, to ban da abin yi a nan."

Na ce ba a ce ita ta ɓata ba, gwaji ne kawai.

"Kai ka duba shi, Malam. Daidai yake ko ba daidai ba?"

Na ce, "A iya abin da na gani, ban ga matsala ba. Amma wataƙila..."

Ta gyaɗa kai tun ban ƙarasa ba, ta ja hijabinta suka fita. A motar komawa gida ranar ban yi murmushi ba. Maganar mahaifina ce ta yi ta dawo mini.

Ana cikin makon aka sake yin ruwa. Washegari da na iso, tun ban sauke jakata ba, na hangi yarinyar tsugune a gaban bokitin. Ta ce tun da sassafe ta zo, kafin rana ta fito sosai.

"Malam, zo ka gani. Dubi gindin bangon ajinmu."

Na duba. Ruwa ya fantsama masa laka har wajen gwiwa.

"Dubi bulon da bokiti ke bisa."

Shi ma duk laka, ya jiƙe sharkaf.

"To dubi bokitin."

Fes yake. Babu ɗigon laka a jikinsa, babu ko ɗan ganye a mazurarin, kuma da na sa yatsa ciki na ji shi a bushe ƙamas. Mai dalma, da ya matso yana leƙe, ya ce iska ce ta busar da shi. Ta juyo ta dube shi, karo na farko da na ga ta dubi wani ido cikin ido.

"Iskar garinku tana wanke laka?"

Sannan ta ce da ni, "Malam, mu duka ba wanda ya taɓa ganin ruwa na sauka bisa abin nan. Kullum mun tahi gida. Mu tsaya mu gani da idonmu."

Kunya ta kama ni, da wani irin zumuɗi a lokaci guda. Na yi ta binciken batir da tsawa da danshi, ban taɓa tunanin in tsaya in kalli bokitin ba. Na nemi izinin shugaban makaranta, yaran da za su tsaya suka nemo na iyayensu. Ranar farko hadari ya haɗu ya yi baƙi, muka zauna muna jira, sai iska ta kwashe shi ta yi yamma da shi. Mai dalma ya ce ko hadarin ma ya ji labarin kodin ɗin ne ya canza hanya.

Ranar Alhamis, saura kwana biyu abokina ya zo, gabas ta sake haɗewa tun bayan azahar. Na san in na tsaya na rasa motar ƙarshe. Na kira gida na ce wataƙila in kwana. Mahaifina ya ce, "Za ka kwana ko ba za ka kwana ba?" Na ce zan kwana.

Muka zauna cikin aji, mun sakaya taga, mun bar ƴar kafa. Inna ta zo kamar kullum ta baza shinkafarta a dandamali, ba ta san muna ciki ba. Can iska ta taso mai sanyi, ta fara kaɗa rassan darbejiya, aka fara jin mata a cikin gari suna kiran yara su kwashe shanya. Inna ta fito da sauri da buhuna da tsintsiya, ta duƙa tana tarawa ita kaɗai.

Shirinmu shi ne kowa ya zauna shiru. Amma wa zai zauna yana kallon tsohuwa na kokawa da shanya ga hadari a ka? Ƴan matan ne suka fara miƙewa, mazan suka bi su, ni ma na bi. Muka tara, muka ɗura a buhu, mazan suka kinkima zuwa zaurenta. Tana ta sa albarka, tana mamakin abin da ya tsayar da mu har yanzu. Ɗigon farko ya faɗo mini a wuya.

Na juya ke nan sai na ga Inna ta nufi fili da ɗan gudunta na tsofaffi. Ta sunkuya ta rungumi bokitinmu da hannu biyu, a hankali kamar mai ɗaukar jariri, ta bi da wayar don kada ta harɗe, ta kawo shi ƙarƙashin barandar ajin. Ta ciro wani buhun leda da ta soke a bayan taga, da gani ajiyarsa ke nan, ta lulluɓe shi, ta danne da dutse. Sannan ta juyo tana haki tana yi wa yaran faɗa.

"Ku kuna tsaye, kayan Malam na waje? Kullum shina hwaɗa muku kada ruwa shi taɓa, kullum ku watse ku bar shi. In ba don ina kusa ba da tuni ya lalace."

Na ji wata dariya tana taso mini tun daga ciki, na danne ta da ƙyar. Na ce, "Inna, dama ke ce ke shigar da shi?"

"To wa? Tun ruwan fari. In an ɗauke in goge shi tas in maida shi inda yake. Ina kwashe tawa shanya in bar ta maƙwabci? Ba a yi mani wannan tarbiyya ba."

Sai komai ya zauna a kaina. Ɗaya da biyu da ukun da muke gani, girgizar ɗauka da mayarwa ce. Kodin ɗin ko wannan bai bari ta wuce shi ba.

Na fara yi mata bayani, na ce ai wato abin da nake nufi, ƙwaƙwalwar da ke ciki ita ce ba a son ta jiƙe, shi kuwa wannan, a wani ɓangaren, ana iya cewa... Ruwa ya fara sauka da gaske, ni ina ta kewaye. Yarinyar ce ta matso ta durƙusa a gabanta.

"Inna, randar da kike azawa ƙarƙashin indararo, in hadari ya taso kina shigar da ita ɗaki?"

"Wane irin zance ne wannan? Ai don ruwan anka aje ta."

"To shi ma don ruwan anka yi shi. Ƙirga shi yake."

Inna ta dubi bokitin, ta dube ni. "Malam, gaskiya ta hwaɗi?"

Na ce gaskiya ne, Inna.

"To ni dai da hankalina ba ni sa kayan mutane cikin ruwa. Wanda ya iya shi ɗauka."

Yarinyar ta yaye buhun, ta rungumi bokitin ta fita cikin ruwan. Mai dalma ya bi ta a guje yana riƙe da wayar sama-sama kada ta ja ƙasa, yana cewa ta bi a hankali, wayoyinsa ne. Suka daidaita shi a kan bulo suka dawo a jiƙe. Muka ɗunguma cikin aji, har da Inna, muka kewaye akwatin.

Da farko ba abin da ya faru. Ruwa na dukan kwano kamar ana zuba tsakuwa, mu kuwa ko numfashi ba ma yi sosai. Ni a raina har na fara jero sababbin wataƙila. Sai lamba ta motsa. Ta sake motsawa. Wani ya fara ƙirgawa da ƙarfi, saura suka kama, muryoyinsu na neman rinjayar ƙarar kwanon. Da ruwan ya ƙara ƙarfi lambar ta ƙara sauri, ba ta tsallake ba, ba ta yi barci ba. Yara na tsalle, wani na buga benci kamar ganga. Inna ta kutsa kai tana tambaya, "Wanga abu mai ƙyalli shi ne ruwan? Duk wanda ya sauka yana sani?" Aka ce mata e. Ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah. Ni kuwa ina ta hana shi aikinsa."

Mai dalma ya daɗe yana kallon gilashin. Can ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "To, ba ta barci." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma dai wayoyin ma sun yi ƙoƙari."

Yarinyar kuwa ba ta yi tsalle ba. Tana tsaye a baya, hijabinta na ɗiga, bakinta na motsi tana bin lambar. Na ratsa yaran na je inda take. Na ce, da muryar da kowa zai ji, "Kodin ɗinki daidai yake. Tun farko daidai yake. Ba za a goge ko layi ɗaya ba."

Ta ɗago ta dube ni. "Malam, ba wataƙila?"

Na ce, "Babu."

Ajin ya kwashe da dariya, ita ma ta yi, tana rufe baki da gefen hijabi. Na ɗauki hoton gilashin na tura Bakura. Ranar Asabar abokina ya zo kamar yadda ya yi alkawari, sai dai bai ɗora mana komai ba. Shi ya kwafi layukan dakatawar nan ya tafi da su, domin da muka gwada tasu da buta daga baya, ashe ita ce ke ƙirga rawa, tana cika musu lamba.

Inna kuwa ta zama mai tsaron bokitin, ba akuya ba yaro da ke isa kusa da shi. Amma ta faɗa mini har daminar ta ƙare, duk lokacin da hadari ya taso ta kwashe shinkafarta, sai ta juya wa filin baya, don in ta kalle shi yana shan duka ƙafafunta ke neman tafiya da kansu.

Na bar makarantar da daɗewa. Ɗalibar tawa ta ci gaba da karatu a fannin kwamfuta, wani lokacin takan turo mini abin da ta rubuta, kuma yawancinsa yanzu ya fi ƙarfina. In na tuna lamarin, dariya nake fara yi. Daga baya sai in tuna tsayuwarta a gaban teburina tana tambayata daidai ne ko ba daidai ba, alhali na duba na kuma san amsar. A lokacin ina ganin taka-tsantsan nake yi. Ban lura ba cewa kaina nake karewa, ita kuma na bar ta a fili. Tsorona ma bai tsaya a kaina ba, sai da ya fita ta taga ya shiga kunnen baiwar Allah da ba ta nufe mu da komai ba sai alheri.

Ban daina cewa wataƙila ba, kada in yi muku ƙarya. A aikinmu tana da amfani, ta sha hana ni ƙona kaya. Abin da na koya shi ne in na duba abu na tabbatar, kuma ga mutum tsaye yana jiran bakina, to in ba shi amsar a miƙe.

Akwai irin bokitin nan a tsakar gidanmu a Mafara yanzu, na haɗa wa ƙannena. Ranar da na kafa shi, kafin in koya wa kowa komai, mahaifiyata na fara samu a kicin. Na ce, "Inna, in hadari ya taso, a kwashe komai, amma wancan a bar shi ruwa ya doke shi." Ta ce, "Ka tabbata?" Na ce na tabbata. Mahaifina yana zaune a tabarma yana jin mu. Ya ɗago ya dube ni, ya koma kan rediyonsa.